Gajeren Bodi

"Wane mai zamewa kuma, Merle? Ja ɗaya ne fa. In ta zauna can, ta zauna ke nan."

Brenna tana bayan kantar batura a shagon Merle ta ji mahaifinta ya faɗi haka. Man inji ta shigo saya, ba ta ma san yana ciki ba sai da ta ji muryarsa. Kuma ya faɗi maganar ne a sake, kamar mai cewa gobe za a yi ruwa. Merle, wanda ya shekara arba'in yana ɗaura wa motocin garin ƙarfen jan tirela, ya ce to ai shi ke nan. Ta tsaya da galan a hannu har suka koma hirar alkamar bana, sannan ta lallaɓa ta mayar da shi inda ta ɗauka, ta fice ta ƙofar gefe ba ta sayi komai ba.

Ta san wadda ake nufi. Tsohuwar tirelar kwanansu ce da ke bayan rumbu, ɗaki mai taya da ake ja da mota, fara mai ratsin ruwan ƙasa. Abin da ba ta sani ba shi ne can ɗin ina ne, da kuma wa zai zauna a ciki in ta zauna.

A cikin wannan tirela Brenna ta koyi tafiya. Mahaifinta, Verlin Schrag, yankan alkama yake yi wa manoma a kwangila. Duk ƙarshen watan Mayu sai su rufe gidansu na Kansas, a ɗora injinan girbi uku a kan manyan motoci, a gangara Oklahoma inda alkama ke fara nuna. Daga nan sai a biyo ta arewa, gona bayan gona, Nebraska, Dakota, har Montana, ba a dawowa sai sanyi ya koro mutane. Tirelar ce ke zuwa ƙarshe a jerin, Verlin yana janta da farar akori-kurarsa mai dogon bodi. Goshin tirelar yakan hau kan bodin, turken ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya shige cikin faifan da aka kafa bisa tayoyin baya, a ji ƙas, ya kulle. Tun tana ƙarama, in Brenna ta ji wannan ƙarar ta san makaranta ta ƙare.

Kowa da aikinsa a tafiyar. Mahaifiyarta Darla ita ke sauka in an zo wurin da za a ajiye tirela, ta tsaya inda Verlin zai gan ta a madubi, tana yi masa nuni da hannu. In ta gicciya hannuwa a sama da kanta, tsaya ke nan, ba tambaya. Ita kuwa Brenna, durƙusawa take a kujerar baya, ta manna hanci a gilashi, tana gadin goshin tirela kada ya matso kan mota in an sha kwana. Madubi na uku, haka uban yake kiranta, har yaran aiki suka ɗauka. Sai da ta kai shekara goma sha biyu ta gane cewa bodi mai ƙafa takwas ba ya buƙatar gadi, ko an naɗe mota da tirela kamar wuƙar aljihu goshin ba zai iso ba. Ya ba ta aikin ne don ta zauna wuri ɗaya. Ba ta nuna masa ta gane ba, ta ci gaba da durƙusonta har ta gama sakandare.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne abincin yamma a bakin gona. Darla za ta zo da babbar tukunyarta a naɗe cikin tawul, ta sauke ƙofar bodi ta zama tebur, nama da dankali, burodi mai zafi, shayi mai ƙanƙara a cikin babban gora. Injina su yi shiru ɗaya bayan ɗaya, maza su zo fuska duk ƙaiƙayi, su ci a tsaye don kada jiki ya mutu. Verlin yakan ci da hannu ɗaya, ɗayan yana murza zangarniya yana taunawa ya ji ko ta bushe. Darla ta ce masa wata rana sai ya manta ya tauna cokalin ya murza naman. Kowace shekara sai ta faɗa, kowace shekara kuma sai an yi dariya.

Bara da kaka ciwon baya ya ci ƙarfin Verlin. Likita ya ce ya isa haka. Wani mutumin Nebraska ya zo ya kwashe injinan da manyan motocin, har da farar akori-kurar. Tirelar ce kaɗai ya leƙa ya ce ta tsufa, a bar ta.

Darla ba ta ɓoye farin cikinta ba. Ta ce bazara ashirin da shida tana girki a kicin ɗin da in ta juya miya gwiwar hannunta ke bugun bango, ta gama nata. Ta sami aiki a ɗakin girkin makarantar garin, ta share gefen gida ta shuka tumatir, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurenta, don babu mai ba shi ruwa in sun tafi. Shi kuwa Verlin, da Mayu ta ƙarato sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara ƙofar lambu da ba abin da ya same ta. Ya yi ta tsayawa a bakin titi yana kallon jerin wasu masu girbin suna wucewa kudu, yana ɗaga musu hannu. Ba faɗa suke yi da Darla ba. Da ma faɗan ne, da Brenna ta fi gane musu. Magana dai ta koma ga gishiri, ina makulli, an kawo wasiƙa.

Sai kaya suka fara ƙaura. Daga tagar ɗakinta Brenna tana hango bayan rumbu, kuma ita mai gani ce tun asali, faɗa ne ba ta iya ba. Takalmansa na aiki suka fara tafiya, sai rediyo, sai kofin da yake shan kofi da shi. Ran da ta ga ya wuce da matashin da likita ya ba shi na baya, ta sauke labule. Ga kuma wani tsohon manomi na Montana da suka daɗe suna yi wa yanka, yanzu kusan kullum sai ya bugo waya, Verlin ya fita baranda ya ja ƙofa. Ta san gonar mutumin. Akwai wani fili a bakin rafi, ƙarƙashin itatuwa, inda suke ajiye tirela duk ƙarshen kaka, da ruwa da wuta a jone. Ta sha jin ubanta yana cewa in da zaɓi, a nan zai tsufa.

Kwana biyu bayan maganar shagon, ya tare ta tana shirin tafiya aiki. Tana aiki ne a ɗakin awo na rumbun hatsin garin, inda motoci ke hawa sikeli. Ya dafa bodin motarta, shuɗiyar akori-kura da ta saya bayan ta gama makaranta, ya ce yana so ta ara masa ita ya ja tirela, amma sai an huda bodin an sa layin ƙarfe. Ya ce tunda motar tata ce, kuma ba wata a gidan sai ƙaramar ta Darla, in ta sami hutun mako guda sai su tafi tare. Ya tsaya kamar mai jiran wani abu. Ta so ta tambaye shi ko da shi za a dawo. Ta ce to, Baba, ta shiga ta tada mota.

Ran Laraba ta kai wa Merle motar ya auna. Ya hau bodi da ƙyar yana zagin gwiwarsa, ya ja awo daga gilashin baya zuwa tsakiyar tayoyi, ya sake ja, ya girgiza kai. Ya ce bodinta ƙafa shida da rabi ne, na ubanta na da ƙafa takwas, kuma wannan ƙafa ɗaya da rabin da ta ɓace ita ce dukan maganar. Tirelolin yanzu goshinsu a zagaye ake yi saboda irin motarta, tasu kuwa goshi ne kamar akwatin ƙarfe, kusurwa biyu a miƙe. A miƙaƙƙen titi ba komai. Amma ran da aka sha kwana mai tsanani, kusurwar nan za ta zo ta gaishe da gilashi.

Ya kai ta bayan shago ya nuna mata faifan jan tirela iri uku a jere a ƙasa. Na farko kafaffe, inda aka ɗaura shi nan yake. Na biyu yana kan layi, in an zo kwana sai a tsaya, wani ya sauka ya ja hannunsa, a riƙe birkin tirela a ɗan matsa gaba, faifan ya zame baya kamar inci goma sha huɗu, a sha kwana, sannan a mayar. Na uku da kansa yake zamewa in mota ta juya, ba mai sauka, sai dai nauyi ne da shi kamar gawar sa, kuma in ya zauna a bodi ya cinye shi.

"Ubanki ya ce tsohon kafaffensa da ke rumbu zan ɗaura," in ji Merle. "Na ce masa Verlin, wannan ba farar ba ce. Ya ce wai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kansa ya fi ƙarfen nan tauri, tun muna aji uku haka yake. Amma dai mota taki ce, 'yata. Ke za ki ce."

Ta tsuguna tana taɓa layin na biyun, maiƙo ya ɓata mata yatsa. Ta tambaye shi huda nawa za a yi, ko wurin zai yi tsatsa, ko ana iya cire shi in an gama. Ta tambayi nauyin kowanne, ta tambayi ko inci goma sha huɗun zai isa. Ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Can ya sauke tabarau kan hanci ya dube ta.

"'Yar Verlin, tambaya goma kin yi min, kuma ba wadda kika zo da ita a ciki."

Ta sunkuyar da kai tana goge yatsa a wando.

"Ni ƙarfe nake sayarwa," ya ce a hankali. "In tirela za ta je ta dawo, ga wanda zan ba ki. In ba za ta dawo ba, kowanne ma ya yi, in direba ya yi hankali. Sauran kuma ba a shagona yake ba."

Ta ce a sa na Baba ɗin tukuna. Merle ya ce to, gilashi dai ba nasa ba ne.

Da yamma ta tarar da mahaifiyarta a cikin tumatir tana ɗaure su a jikin sanduna. Ta tsaya tana miƙa mata igiya, tana juya maganar a baki, ta ina za ta fara. Darla ce ta riga ta. Ba ta ɗago ba ta ce, kafin a ja abin can, ki fito min da babbar tukunyata, da murfinta, yana ƙarƙashin murhu. Haka kawai. Wato ita ma ta san za a ja. Brenna ta jira ko za ta ƙara wani abu, sai Darla ta ce igiyar ta yi gajarta, ta yanko wata.

Rabonta da shiga tirelar tun kaka. Ƙamshin yana nan, kofi da ƙurar alkama da sabulun da Darla ke wanke labule da shi. A jikin ƙofar banɗaki ga zanen fensir na tsawonta, kowanne da sunan garin da aka auna ta, rubutun uwarta a ƙasa, na ubanta daga inda ta fi ƙarfin uwar. An gyara gadon da ke cikin goshi, bargonsa a shimfiɗe. Ta buɗe kabad ta ga gwangwanayen wake da kofi, sababbi. Ta tsaya tana lissafin ko na mako guda ne ko na fiye, ta kasa yankewa. Ta ɗauki tukunya da murfi ta fito, ta ja ƙofa a hankali kamar akwai mai barci a ciki.

Ran Asabar da hantsi Verlin ya ce su ja ta zuwa sikelin wurin aikinta, a ga nauyin da motar ke ɗauka kafin a kama doguwar hanya. Ya yi baya da shuɗiyar motar a hankali har turke ya sami faifai. Ƙas. Brenna ta ji ƙarar nan da ta sani tun tana ƙarama. Ya naɗe ƙafafun tirela, ya jona wayar fitila, ya zagaya yana bugun tayoyi da ƙafa, duk yadda ya saba. Fuskarsa ta sake, rabon da ta gan shi haka an kwana biyu. Har yana fito.

Ya ce ta shigo gaba. Ta ce baya za ta zauna. Ya yi dariya ya ce Madubi ba ta yi ritaya ba ke nan. Ta durƙusa a kujera, yanzu sai ta sunkuya kada kanta ya bugi rufi, ta dubi goshin tirela. Bai taɓa zama kusa haka ba. Tana iya karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa.

Daga rumbu zuwa ƙofar gona hanya a miƙe take. A bakin ƙofa, wurin akwatin wasiƙa, sai an karya dama sosai a hau titin tsakuwa, don akwai kwalbati a ɗaya gefen. Shekara talatin Verlin yana shan wannan kwana, hannunsa ya san ta fiye da kansa. Yana ba ta labarin shekarar da ƙanƙara ta kashe musu alkama a Dakota, ya murza sitiyari har ƙarshe da tafin hannu ɗaya, bai ko duba ba. Sabo turken wawa.

Brenna ta ga kusurwar ta taho. Ta taho a hankali, fara, tana girma, ta rufe sararin sama. Ta buɗe baki. Fiye da shekara goma tana gadin wannan abu bai taɓa zuwa ba, ran da ya zo kuma muryar ta fito ƙarama.

"Baba. Baba, tsaya."

Kafin ƙafarsa ta kai birki aka ji ɗan ƙara, ba mai yawa ba, kamar an fasa ƙwai. Gilashin ya yi fari gaba ɗaya, ya tsaya haka kamar yana shawara, sannan ya zube a kan kujera da cinyarta kamar gishiri mai tsakuwa.

Ya juyo a firgice ya kama kafaɗarta, yana duba fuskarta da hannuwanta. Ta ce ba abin da ya same ta. Ya sake dubawa. Sai da ya tabbata sannan ya kashe mota, suka zauna, iska tana shigowa ta inda gilashi yake a da.

Ta wannan ramin Brenna ta hango mahaifiyarta. Tana tsaye a tsakiyar tumatir, hannuwanta a gicciye sama da kanta, igiya tana lilo a yatsunta. Ba a san tun yaushe take haka ba. Ita ta fara gani, ta yi abin da ta saba, amma yau ba wanda ya neme ta a madubi. Verlin ya bi idon 'yarsa, shi ma ya gan ta. Darla ta sauke hannuwan a hankali, ta goge su a jikin riga, ta ɗaga murya ta tambaya ko yarinyar lafiya. Ya ce lafiya. Ta ce bari ta kawo tsintsiya, ta nufi gida.

Suka sauka. Verlin ya zagaya ya dubi kusurwar tirela, ɗan fenti kawai ya goge. Ya dubi ƙarfen kan mota da ya ɗan lotsa, ya shafa shi da babban yatsa. Ya ce shekara talatin, ko fitila bai taɓa fasawa ba. Ya cire hula ya sosa kai ya ce Merle zai yi wata guda yana ba da wannan labari a wurin shan kofi, har da ƙari. Ya so ya yi dariya, ba ta fito daidai ba.

Brenna ta shiga tsince gilashi daga kujera tana zubawa a hularsa da ya miƙo mata. Ya tsaya a gefenta riƙe da hular da hannu biyu, kamar mai karɓar sadaka. Ya ce gilashin a wuyansa yake, ran Litinin zai kai a sa sabo. Ya ce ya ji, tsohon faifan ya koma rumbu. Ta zaɓi wanda take so a cikin biyun can, na hannu ko mai yi da kansa, tunda ita za ta zauna da shi a bodinta.

Ta ce bai kamata a zaɓa da ka ba. Na hannun sai da mutum biyu yake daɗi, ɗaya a sitiyari ɗaya a ƙasa, kuma bayansa ba zai yarda da hawa da sauka ba. Ɗayan kuma in ya hau bodi ba ya sauka, ba a sa irinsa don tafiya guda. Ya ce gaskiya ne, haka Merle ma ya ce. Ya mayar da ido cikin hula.

Daga gida aka ji ƙofar raga ta buɗe ta rufe. Darla ta taho da tsintsiya da abin kwasar shara, ba ta sauri, tana bin gefen hanya. Brenna ta ga in ta bari ta iso, za a koma maganar shara da gilashi, ranar ta wuce kamar sauran. Ta zuba abin da ke hannunta a hular, ta ɗago ta dubi ubanta a ido, abin da ba ta cika yi ba.

"Baba," ta ce, "in mun kai ta Montana, mu biyu za mu dawo, ko ni kaɗai?"